Baƙo a Kan Tsauni: Ƙaura da Zama a Mambila ta Jihar Taraba



An nemi in yi magana a kan ƙaura zuwa ƙasar karkara mai duwatsu, da yadda mutum zai zauna a cikinta har ya saba. Na ga idan na ɗauki batun a dunƙule, na yi ta zagaya duwatsun duniya, za mu watse ba wanda ya ƙaru da abin da zai yi aiki da shi. Saboda haka na zaɓi wuri guda, watau Tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, wadda hedkwatarta ke Gembu. Dalilina kuwa a fili yake. Tun daga 1973 da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, duk ɗalibin da ke zaune a nan yana iya buɗe takardarsa ya tarar an tura shi can. Haka kuma ma'aikaci, ko malamin makaranta ne, ko na asibiti, ko na dabbobi, ko na kwastan, yana iya wayar gari da takardar canjin wurin aiki a kan teburinsa. Abin da aka saba gani shi ne, da zarar mutum ya karanta sunan garin sai ya dafe kai ya ce, "Wane laifi na yi?" Daga nan sai ya shiga bin manya gida gida don a soke. Idan ba a soke ba, sai ya je ya sa hannu a littafi ya sulale ya sauko, sai ƙarshen wata a sake ganinsa. Waɗanda ke biyan kuɗin wannan hali su ne yaran da ke zaune a aji ba malami, da mai naƙudar da aka ɗauko daga wani kwari aka tarar ba kowa a asibiti.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Faɗin Jihar Taraba ya haura murabba'in kilomita 54,000, watau ta ninka Jihar Kano fiye da sau biyu da rabi, amma a ƙidayar 2006 mutanenta kimanin miliyan 2.3 ne, alhali na Kano sun haura miliyan 9. Wanda ya tashi inda gari ke manne da gari, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yawan daji tsakanin ƙauye da ƙauye. Tsaunin Mambila yana kusurwar kudu maso gabas ta jihar, ya jingina da iyakar Kamaru, tsayinsa kuwa a matsakaici ya kai mita 1,600 daga bakin teku. Jos da muke yi wa kirari da sanyi ba ta wuce mita 1,200 da kaɗan ba. Arewa maso gabas da tsaunin, a cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, akwai dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wanda ba dutsen da ya kai shi a Nijeriya. Daga wannan tsauni ne kuma kogin Donga ya taso ya gangara ya faɗa Binuwai.

Tarihin mulkin wurin yana da abin lura ga ma'aikaci. Da farko Jamus ne suka riƙe shi a cikin ƙasarsu ta Kamaru. Da aka kore su a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, iyakar da suka shata ta ratsa ta tsakiyar kabilar Mambila, har yau wasunsu na nan, wasu na can. Ɓangaren Ingila aka riƙa mulkinsa daga Yola, a cikin Lardin Adamawa, a matsayin ƙasar riƙon amana. A 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi a dakata tukuna. Aka sake yi a watan Fabrairu na 1961, suka zaɓi Nijeriya, suka shigo ranar 1 ga Yuni na wannan shekara, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, don girmama Sir Ahmadu Bello, hedkwatarsa kuwa Mubi. A 1967 suka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 Jihar Gongola, a 1991 Jihar Taraba. Ku duba: dattijon da aka haifa a Gembu a 1955, ko da bai taɓa barin gidan ubansa ba, an mulke shi daga Yola, da Mubi, da Maiduguri, da Yola kuma, sa'an nan Jalingo, kuma ba ɗaya daga cikin garuruwan nan da ke kusa da shi. Mutumin da ya ga haka ya riga ya ɗauki gwamnati abu ne mai zuwa daga ƙasa ya yi kwana biyu ya koma. In ka iso ya karɓe ka da fara'a amma bai saki jiki da kai ba, kada ka ga laifinsa. Ƙidaya yake yi ya ga ko za ka kai damina.

Daga Jalingo hanya takan bi ta Bali, ta wuce Serti, ta kai Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan sai hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya hannun, har a ɓulla Mai Samari, a wuce Nguroje, a isa Gembu. Tafiyar yini ce, kuma mai hankali da sassafe yake tashi, gama a damina ruwa da hazo sun fi sauka da yamma, hazon kuwa yakan yi kauri har direba ya kasa ganin abin da ke gaban motarsa. Masu mota su riƙe abu biyu. Na ɗaya, iskar kan tsauni ba ta da kauri kamar ta ƙasa, saboda haka inji yakan rasa wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa, ko na mota ne ko janareta. Ba lalacewa ya yi ba, kada wani bakanike ya ci kuɗinka a banza. Na biyu, kuma shi ne mai kisa, shi ne saukowa. Wanda ya saki mota a babbar giya ya dogara ga birki, kafin ya kai rabin gangara birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ba banza ba ne kuma tsohuwar Land Rover ta yi suna a wannan tsauni, domin da zarar an bar babban titi sai jar laka mai santsi, inda ƙaramar mota ba ta da ta cewa.

Sai maganar sanyi. Masana yanayi sun auna cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Ashe tsakanin Jalingo da Gembu akwai bambancin kusan digiri 8, a rana guda, a jiha guda. Amma wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato yana taƙamar ya san hunturu, zai tarar wannan wani sanyi ne dabam. Namu busasshe ne, yakan yi wata biyu ko uku ya wuce. Na can jiƙaƙƙe ne, yana tafe da damina mai tsawo wadda ke somawa wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka kuwa ya kai milimita 1,800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. A tsakiyar damina sai a yi kwanaki ba a ga rana sosai ba. Wanki ba ya bushewa, gishiri yakan jiƙe a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fata da littattafai da fayil-fayil na ofis su yi fumfuna. Ɗalibin da ya tafi da takardun shaidar karatunsa ya ajiye su a ƙasan akwati jikin bango, zai yi kuka. A ɗaga kaya daga ƙasa, a janye su daga bango, ranar da rana ta fito a baza kome a waje.

Wajen neman gida ma akwai dabara. Mu mutanen fili mun saba neman inuwa da inda iska ke kaɗawa. A can rana ake nema. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, da dare takan gangara ta taru a cikin kwari kamar yadda ruwa ke taruwa a kududdufi, don haka gidan da ke can ƙasan kwari ya fi na tsakiyar gangara sanyi da danshi. Gidan da ke ƙoƙuwar tudu kuma iska ce za ta dame shi. A nemi na tsakiya, mai fuskantar gabas, a kuma duba bayansa: idan an yanke dutse ne aka gina, aka bar gaɓa a tsaye ba magudana, to, ranar da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi tana iya zaftarowa.

Akwai gargaɗin da nake so kowa ya fita da shi daga ɗakin nan ko da ya manta da sauran. Kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga, yakan fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuwa ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa. Haka hayaƙin janareta. A ji ɗumi kafin a kwanta, a fitar da kasko waje, a ƙara bargo. Ruwan alwalar asuba kuwa a dafa shi tun dare a zuba a fulas.

Tun da mun shiga madafa, bari in faɗi abin da zai hana faɗa tsakanin miji da mata. A bakin teku ruwa yakan tafasa a digiri 100, a tsayin Mambila kuwa wajen digiri 95. Ruwa na ta ɓararraka amma zafinsa bai kai wanda aka saba ba, saboda haka wake da ganda sukan daɗe a wuta, icce ya ƙare. Uwargida ba ta manta girki ba ne; a jiƙa waken tun dare. Gero ba ya son wannan ƙasa, tuwon masara shi ne abincin yau da kullum. Amma ga dankalin Turawa, ga ayaba, ga gwaza, ga fiya, ga zuma, ga nono da man shanu da nama, duk da araha. Abin da ke da tsada shi ne duk abin da sai mota ta hawo da shi: siminti, kwanon rufi, fetur, shinkafa, magani. Ma'aikacin da ya nace sai ya ci irin abin da ya saba ci a garinsu, albashinsa ba zai kai shi tsakiyar wata ba. Wanda ya ci abin da ƙasar ke bayarwa, ya kuma yi ɗan lambu a bayan gida, shi ne zai sauko da ɗan abin hannu. A Kakara kuma akwai gonakin ganyen shayi da masana'antarsa, inda ake yin Highland Tea, gama shayi tsiro ne mai son sanyi da ruwa mai yawa, kuma ba inda ake nomansa da yawa a Nijeriya kamar can.

Yanzu ga mutane. Bahaushe yana da wata al'ada, ta ɗauka duk inda ya sa ƙafa a Arewa harshensa ya riga shi isa. A kasuwar Gembu lalle za a ji Hausa, sunayen garuruwa irin su Mai Samari da Yelwa ma sun isa shaida cewa fatake sun daɗe da hawa. Amma harshen da ya daɗe yana haɗa kabilun tsaunin shi ne Fulatanci, sunaye kamar Mayo Ndaga da Mayo Selbe suna nuna haka, don "mayo" kogi ne da Fulatanci. Su Mambila kuma suna da harshensu, mai karuruwa da yawa, har na wannan ƙauye ya sha wuyar fahimtar na wancan. Ga Kaka, ga Panso, ga Kambu, waɗanda ke da dangi a tsaunukan Kamaru. Akwai Musulmi, akwai Kirista, musamman 'yan Baftis, waɗanda mishan ɗinsu ya hawo ta ɓangaren Kamaru ya kafu a Warwar, sau da yawa kuma sai ka tarar da addinan biyu a zuriya ɗaya. Tun daga 2017 kuma rikicin yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru ya koro 'yan gudun hijira zuwa wannan ƙaramar hukuma. Baƙo ya koyi gaisuwa tun makon farko. "Jam na?" da "Useko" ba su da wuyar riƙewa, gaisuwar Mambila kuwa ya roƙi maƙwabcinsa ya koya masa ta ƙauyen da yake. Za a yi masa dariya, amma irin dariyar da ke buɗe ƙofa ce. Ya kuma kai gaisuwa wurin sarki ko jauro da limami da fasto kafin wata bukata ta kai shi, domin gaisuwar da aka kai ranar bukata kowa ya san sunanta.

Na zo kan abin da ya fi kome nauyi, watau ƙasa. Baƙon da ya ɓulla kan tsauni ya hangi tuddai kore shar har iyakar ganinsa, ba gida ba gona, abin da zuciyarsa za ta raya masa shi ne, "Ga ƙasa ba mai ita." Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Kowane tudu da kowane kwari yana da wanda ke cewa nasa ne, sau da yawa ma mutum biyu ne ke faɗin haka, kuma jini ya zuba a kai.

Ga yadda abin ya faro. Mambila manoma ne tun kaka da kakanni. Irin nomansu shi ne a noma wuri shekaru kaɗan, a bar shi ya huta shekaru da yawa, a koma wani. Saurar da aka bari ciyawa ta rufe, a idon mai ita gona ce tana barci, a idon wanda bai sani ba kuwa daji ne. A ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren neman bayi daga Banyo sun rage yawan mutanen ƙwarai, ƙasa ta yi wa waɗanda suka saura yawa. Daga wajen shekarun 1940 Fulani makiyaya suka soma hawa da garkunansu, don sun sami abin da kowane makiyayi ke mafarki: ciyawa kusan duk shekara, ruwa a kowane kwari, kuma ba tsando, ƙudan da ke sa wa shanu sammore. Hukumar Turawa da En'e ba su ƙi ba, gama jangali kuɗi ne. Da farko an zauna lafiya, ana musayar nono da hatsi. Amma shanu suka hayayyafa, mutane ma suka hayayyafa, tsauni kuwa bai ƙara faɗi ba. Kofato ya daddage gangara, turbar shanu ta zama kwazazzabo. Da rani, sa'ad da ciyawar tudu ta bushe, shanu sukan gangara kwari neman ruwa da ɗanyen haki, nan ne kuwa manomi ya yi shukarsa.

Sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum guda har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Ku auna hekta 5,000 a ƙasar da talaka ke ciyar da iyalinsa da hekta ɗaya ko biyu. Waɗanda suka san hanyar ofis, masu manyan garkuna da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, wasunsu ma ba a tsaunin suke zaune ba, suka karɓi takardun mallaka suka zagaye tuddai da waya mai ƙaya. Manomi ya zo komawa saurar ubansa ya tarar da shinge. Ƙaramin makiyayi mai shanu ashirin, shi ma ya tarar an toshe masa burtali. A Janairun 2002 rikici ya ɓarke, aka kashe mutane, dubban Fulani suka tsere zuwa Kamaru. A watan Yuni na 2017 aka sake yi, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa.

Ba na zo nan in yanke wa wani ɓangare hukunci ba ne, amma ina da ra'ayi a kan namu hannun, mu masu biro. Kowace takardar mallaka da ta hau kan gonar wani, ma'aikaci ne ya auna, ma'aikaci ne ya buga hatimi, da yawa kuma an yi su ne a kan tebur ba tare da an taka wurin an tambayi dattawa ba. Sabon ma'aikaci ya sani, tun ranar da ya sauka ake auna shi. Wannan zai aiko masa da ɗan maraƙi, wancan da buhun masara, kowanne da sunan maraba da baƙo. Ranar da ƙara ta zo gabansa zai gane cewa bashi ya ci. Bahaushe Musulmi kuma yana da ƙarin nauyi, don kafin ya buɗe baki wasu sun riga sun lissafa shi a ɓangare guda, kamar yadda za a lissafa Kirista ɗan kudancin jihar a ɗaya ɓangaren. Ba ya iya kankare wannan zato da rantsuwa. Abin da ke kankare shi shi ne a ga inda yake zama da yamma, da gidajen da yake zuwa gaisuwar mutuwa, da yadda ya yi da fayil ɗin wanda ba shi da kowa.

Wanda kuma wurin ya yi masa daɗi har ya yi sha'awar mallakar fili, tsarin mulkin 1999 ya ba shi dama: sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so, sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili ko gida ko'ina a ƙasar. Amma takarda ba ta kwana da kai a gona. Ya bincika ya san ko aro ake ba shi, ko jingina, ko sayarwa, gama sau da yawa mai bayarwa aro yake nufi, mai karɓa kuwa ya ɗauka saye ya yi. Ya tabbata dattawan gidan sun yarda, ba ɗa guda mai bukatar kuɗi ba. Ya tara maƙwabtan kusurwa huɗu a taka iyaka a gabansu, kafin a je ofis. In aro ne, kada ya dasa itace sai da izini, domin dasa itace alamar mallaka ce. Ga shi kuwa itacen zaiti, wanda wasu ke kira turare, ɗan asalin Ostareliya, ya cika tsaunin. Shi ne iccen girki, shi ne katakon gini, yana kuma kawo kuɗi, amma shan ruwa gare shi, mutanen wurin suna kukan cewa inda aka dasa shi a kan idon ruwa, ƙorama takan ja baya.

Wata tambaya kuma tana nan wadda ban ga mun amsa ta a ƙasar nan ba: yaushe baƙo ke daina zama baƙo? Bafulatanin da kakansa ya hau a 1945, aka haifi ubansa a Nguroje, aka haife shi a nan, ina za a ce ya koma? Shi kuma Bamambilen da ya ga ƙasar kakanninsa ta ƙare a bayan waya, wa zai ce masa ba shi da abin kuka? Ɗaliban shari'a da na kimiyyar siyasa da ke nan, ga abin bincike a gabanku, ya fi a yi ta maimaita abin da aka rubuta a kan wasu ƙasashe.

Game da wutar lantarki, kada mai tafiya ya dogara ga abin da ya ji a rediyo. Tun shekarun 1970 ake maganar babbar madatsar ruwa ta Mambila. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8 don samar da megawat 3,050, amma aikin ya maƙale a shari'a da neman kuɗi. Ya tafi da fitilarsa da ɗan faifan hasken rana, ya kuma sani cewa a watannin hazo faifan ba zai ba shi abin da yake bayarwa a Katsina ba. Wayar hannu tana samuwa a manyan garuruwa, a cikin kwari kuwa sai an hau tudu. Sauro bai kai na ƙasa yawa ba, amma a tafi da gidan sauro. Mai ciwon da ke bukatar magani kullum ya riƙa ajiye na wata biyu. Mai iyali kuma, in matarsa na da ciki kuma likita ya ce akwai abin tsoro, ya sauko da ita tun da sauran lokaci, kada ya bari sai dare ya raba ana ruwa ya fara neman mota.

Kewa kuwa gaskiya ce, ba na ɓoye muku. Wata na biyu da na uku su ne masu wuya, sa'ad da ɗokin sabon wuri ya wuce, sabo bai zo ba, ruwa na zuba a kan kwano tun la'asar. A nan ne wasu ke faɗawa shaye-shaye, wasu su fara ƙirƙiro dalilan sauka. Maganin da na sani shi ne mutum ya sami abin da ake jiransa dominsa bayan an tashi aiki: darasin yamma ga yaran unguwa, ko ƙwallo, ko karatu a masallaci ko coci, ko lambu. Wanda ya iya tafiya da iyalinsa ya fi saurin zama, domin mata da yara sukan yi ƙawaye kafin maigida ya gama sanin sunayen abokan aikinsa.

Saura kalma guda ga manyan sakatarori da shugabannin ma'aikatu, tun da na ga wasunsu a sahun gaba. Ranku ya daɗe, muddin ana tura mutum tsauni don an yi fushi da shi, mutanen tsauni za su ci gaba da samun ma'aikata masu fushi. A rubuta wa wanda aka tura adadin shekarun da zai yi, biyu ko uku, a kuma cika alkawari in sun cika. A biya shi kuɗin wahalar wuri da na ɗaukar kaya kafin ya tashi, ba bayan shekara ba. A lissafa masa zaman can in an zo ƙarin girma. Takardun canjin kuma a riƙa fitar da su tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da hanya ta bushe, don mutum ya sami gida ya gyara rufinsa ya tara icce kafin ruwan Maris ya sauka.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.